Sauti Garau da Sauti mai Gurnani a Ampulin Gita: Yadda Ake Nuna Su da Yadda Ake Ɗaukar Su

1. Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana bambancin da ke tsakanin muryoyi biyu da ampulin gita ke fitarwa, wato wadda ake kira son clair da Faransanci da wadda ake kira son saturé, sa'annan a nuna yadda malami zai gwada su a gaban ɗalibai, da yadda mai bincike zai ɗauke su a na'ura ba tare da ya ɓata su ba. Mun ɗauki gundumar Madarunfa, kudu da birnin Maraɗi, a matsayin filin misali, domin yanayin da ɗalibi zai tarar a can shi ne zai tarar a mafi yawan garuruwanmu.

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne haɗin masu nazarin harshe da al'ada da akwatin makaɗan zamani? Amsar ita ce, a yau da wuya a je buki ko taron siyasa ko wa'azi a ƙasar Katsinar Maraɗi ba a tarar da kayan sono ba. Mai goge da mai gurmi da maroƙi, in taro ya yi girma, ta cikin ampuli da lasifika jama'a ke jin su. Ke nan abin da ɗalibi ke ɗaukowa muryar makaɗi ce haɗe da muryar akwati. Idan ya dawo da sauti mai kaushi, akan yanke masa ɗayan hukunci biyu: ko a ce ɗaukar ta lalace a ajiye ta gefe, ko a sa kwamfuta ta wanke ta. Dukansu biyu suna iya zama asara, saboda akwai kaushin da makaɗi ya nema da gangan, wanda yake ɓangare ne na kiɗan, akwai kuma wanda na'urar mai bincike ta ƙara daga baya. Wanda bai iya rarrabe su ba zai zubar da na farko ko ya adana na biyu a matsayin al'adar mutane. An zaɓi gita ne don a kanta aka fi nazarin al'amarin, kuma maɓallan ampulinta suna ba da damar a ji yadda sauti ke tashi daga wannan hali zuwa wancan sannu a hankali.

2. Batun kalmomi

A Nijar akan ce ampuli da gita, a ƙetaren iyaka kuwa, daga Jibiya zuwa Kano, an fi jin amfilifaya da jita. Wannan ba shi da wuya. Inda aikin yake shi ne sunan muryoyin biyu.

Abu mafi sauƙi shi ne a ce sauti mai tsabta. Mun guje shi, domin duk wanda ya ji an ce wannan mai tsabta ne zai ɗauka ɗayan ƙazami ne, an yanke hukunci ke nan tun ba a saurara ba. Kalmar garau ta fi dacewa. Ana cewa ruwa garau, ana cewa ido na gani garau, wato babu abin da ya shiga tsakani, kuma ba ta zargin kowa. Game da son saturé, an iya tunanin disasshiyar murya, sai dai dishewa tana nuna rauni, alhali wannan sauti ƙarfi gare shi. Mun zaɓi gurnani, irin na zaki ko na kare, don ya haɗa kauri da kaushi da ƙarfi. Sai kalma ta uku, wadda muhimmancinta zai fito a gaba: idan na'urar ɗauka ce ta kasa, za mu ce sauti ya tsage. Waɗannan shawarwari ne, muna kuma maraba da gyara daga abokan aiki masu nazarin keɓaɓɓun kalmomi.

3. Abin da ke faruwa cikin akwatin

A ƙarƙashin tsirkiyoyin gitar lantarki akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla, wanda za mu kira kunnen gita. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a kansa sai a samu ƴar wutar lantarki mai kai da komowa daidai da kaɗawar tsirkiyar. Wutar kaɗan ce ƙwarai, ba ta cika kai volt ɗaya ba, ba ta kuwa iya motsa lasifika. Aikin ampuli shi ne ya girmama ta, kuma yana yin haka a mataki biyu. Matakin farko (préampli) yana ɗaga ƴar wutar, maɓallinsa shi ne wanda akan rubuta wa Gain. Mataki na biyu (étage de puissance) shi ke ba da ƙarfin tura lasifika, maɓallin da ke gabansa kuwa akan rubuta masa Master ko Volume.

Kowane mataki yana da iyaka, wadda ƙarfin wutar da ke ciyar da shi ya yanka masa. Muddin abin da ya shigo bai kai iyakar ba, abin da zai fita kamarsa ne sak, girma kawai ya ƙaru. Wannan shi ne sauti garau. Idan aka tura masa fiye da abin da zai iya, ƙololuwar igiyar sautin ba ta da wurin zuwa, sai a yanke ta (écrêtage). Masu awon hatsi a kasuwa sun san misalin. Tiya tana ɗaukar gero har ta cika, in an ci gaba da zubawa ta ɗan yi tozo, daga nan duk abin da aka ƙara zubewa yake yi. Ampuli mai fitilu (à lampes) irin mai awon da ke barin tozo ne, yana isa iyakarsa a hankali, kan igiyar yana lanƙwasawa. Ampulin taransisto da ba a yi masa wata dabara ba kamar mai shafe bakin tiya da hannu ne, yankan a miƙe yake, kunne kuma yana jin sa da zafi.

Me ya sa yanke kan igiya ke sauya murya? A ɗauki tsirkiya ta biyar ta gita, wadda ke kaɗawa sau 110 a daƙiƙa (110 Hz). Wannan ita ce uwar sauti. Tare da ita akwai ƴaƴan sauti (harmoniques) a 220 da 330 da 440 da 550, haka har sama, ƙarfinsu yana raguwa. Yanke kan igiya yana haifar da sababbin ƴaƴa, yana kuma ƙarfafa na da. Idan an yanke sama da ƙasa daidai wa daida, ƴaƴan mara ne ke ƙaruwa, wato 330 da 550 da 770. Idan yankan ya fi yawa a gefe guda, ƴaƴan cika su ma suna shigowa, irin su 220 da 440, waɗanda suke uwar ce aka ninka, shi ya sa kunne ke jin su da taushi. Tsayin sautin bai sauya ba, har yanzu 110 ne. Launinsa ne ya sauya.

Akwai sakamako biyu da suka fi wannan muhimmanci ga mai nazarin kiɗa. Na farko, tun da ampuli ya danne bugu mai ƙarfi ya kuma ɗaga mai rauni, tazarar da ke tsakaninsu ta ragu, sauti ya daɗe bai mutu ba. Gita a asalinta ƴar'uwar molo da gurmi ce: a taɓa, ta yi ƙara, ta shuɗe. Da gurnani kuwa tana jan numfashi, tana matsowa kusa da goge da algaita, har makaɗi ya iya riƙe sauti ɗaya yana karkaɗa shi. A ganinmu wannan ne babban dalilin da ya sa makaɗa ke neman gurnani, ya fi batun ƙara.

Na biyu ya shafi buga tsirkiya biyu lokaci guda. A ampulin da ya kai iyaka sautukan biyu suna cuɗanya su haifi wasu da ba a buga ba, ɗaya a jimlarsu, ɗaya a bambancinsu (intermodulation). In an buga 110 da 165, waɗanda suke biyu da uku ne a lissafi, bambancinsu 55 ne, rabin uwar ke nan, jimlarsu kuma 275, wato 55 sau biyar. Duk sun zauna gida ɗaya, sautin ya yi kauri. In kuwa aka buga 110 da 138,6, bambancin 28,6 ne, jimlar 248,6, ba su dace da kowa ba, sai a ji kamar taɓo. Saboda haka masu kiɗa da gurnani mai yawa suke taƙaita kansu ga tsirkiya ɗaya ko biyu masu jituwa. Salon da ake sakin tsirkiya guda tana amo a ƙasa, yatsu kuma suna yawo a kan wata, kamar yadda ake ji a gitar Abzinawa, ya dace da wannan lissafi.

Sai lasifika. Ta ampulin gita, wadda faɗinta yakan kai santimita 25 ko 30, ba ta fitar da abin da ya wuce wajen 5.000 Hz da ƙarfi. Wannan gazawa alheri ce, don tana tace ƴaƴan sauti na can sama masu cizon kunne. Duk wanda ya taɓa jin gurnanin gita an zuba shi kai tsaye cikin kayan sono ba ta cikin lasifikarsa ba ya san ƙarar, kamar ta zuma a cikin gwangwani.

4. Yadda lahani ya zama salo

Waɗanda suka fara ƙera ampuli garau suke nema, gurnani a wurinsu aibi ne. Makaɗa ne suka juya al'amarin. A 1951, a birnin Memphis na Amurka, an ɗauki waƙar Rocket 88 da ampulin da lasifikarsa ta lalace a hanya, mai ɗakin ɗaukar, Sam Phillips, ya bar sautin yadda yake. A 1962 aka fara sayar da ƙaramin akwatin Maestro Fuzz-Tone da ake takawa da ƙafa don a samu kaushin da gangan, a 1964 kuma Dave Davies na ƙungiyar Kinks a Ingila ya tsaga lasifikarsa da reza. Daga baya, cikin shekarun 1970, aka yawaita ampuli mai maɓallin Gain dabam da na Master dabam, yadda za a samu gurnani ba tare da an kurmantar da unguwa ba. A 1975 kamfanin Roland na Japan ya fito da JC-120, wanda ya yi suna saboda akasin haka, wato tsayawa garau ko an ƙure shi.

Misalin da ya fi kusa da damuwarmu daga Kinshasa yake. Ƙungiyar Konono N°1 ta Mawangu Mingiedi tana kaɗa likembe, ƴar akwatin nan mai harsunan ƙarfe, ta cikin kunnuwan da aka haɗa da maganaɗisun tsofaffin motoci, da manyan lasifikoki irin na shela. An ɗauke su a 1978, sa'annan faifan Congotronics na 2004 ya kai su duniya. Da mai ɗaukar ya ce bari ya gyara musu sauti, da ya fitar da wani kiɗa dabam wanda mutanen Kinshasa ba su taɓa rawa da shi ba.

A Nijar ma tarihin gitar arewa ya bi ta cikin kayan da suka samu. Waƙoƙin Abdallah Oumbadougou sun yaɗu a kaset da ake kwafa daga hannu zuwa hannu a zamanin tawayen da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta kawo ƙarshensa. Faifan Group Inerane na 2007 da na Group Bombino na 2009, waɗanda kamfanin Sublime Frequencies ya fitar, sun ɗauko gitar Agadas da kaushinta na wurin buki. Mdou Moctar ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da salon ɗakunan ɗaukar waƙoƙin Hausa, waƙoƙin kuma suka yaɗu ta katin waya. Shi ne kuma ya ba malami kayan darasi a shirye: Funeral for Justice na 2024 cike yake da gurnani, Tears of Injustice na 2025 kuwa waƙoƙin nan ne aka sake ɗauka a tausashe, akasari da gitar katako. Gitar katako ba daidai take da ampuli garau ba, amma ɗalibin da ya saurari faifan biyu a jere zai ji abin da gurnani ke ƙara wa waƙa da abin da yake rufewa.

Wani abu da ya kamata a tuna shi ne kunnen Bahaushe bai jira lantarki ba kafin ya so kaushi. Ana ɗaura wa garaya ceba, ɗan ƙarfen nan mai zobba, don ya yi ta caccaka tare da tsirkiya. Ana ratsa fatar ganga da igiya don ta yi zuza. Gogen bori, wanda Veit Erlmann ya yi nazari a wannan kwari na Maraɗi ya kuma wallafa sakamakon a 1982, izgar doki ce kan izgar doki, muryarsa kuwa da ƙaiƙayi take, ga ƙwarya ana kaɗawa a gefe. Irin wannan son zuza ya game Afirka ta Yamma, har masu balafon na ƙasar Mande suna liƙe ramin goransu da siririyar fata don ta riƙa rawa. Saboda haka idan mai goge a Madarunfa ya murɗa ampulinsa har ya yi gurnani, bai kamata a yi saurin cewa rashin sani ne ko tsufan kaya ba. Mai yiwuwa ne hakan, mai yiwuwa kuma abin da yake so ke nan. Hanyar sani ita ce a tambaye shi, a kuma gwada masa muryoyin biyu ya zaɓa.

5. Nuni a gaban ɗalibai

Nunin ba ya bukatar kaya masu tsada. Ƙaramin ampuli mai wat 10 ko 15 ya isa aji, ya ma fi babba, don yana kai iyakarsa da wuri. A nan ya dace a gyara wani zato: ampuli mai wat 100 bai ninka mai wat 10 sau goma a kunne ba. Bambancin desibel 10 ne, abin da kunne ke ji kamar ninki biyu. Abin da babban ampuli ke saya wa makaɗi shi ne sarari, wato ya daɗe yana garau kafin ya fara gurnani.

A sa makaɗi ya zaɓi jimlar kiɗa guda gajera, ya maimaita ta ba sauyi. Da farko Gain a ƙasa, Master a sama. Sa'annan a riƙa ɗaga Gain mataki mataki ana rage Master. Wannan ragewar ita ce zuciyar nunin, kuma ita aka fi mantawa. Tun aikin Fletcher da Munson na 1933 an san cewa kunne ba ya jin sautukan ƙasa da na sama sosai sai ƙara ta yi yawa, don haka duk abin da ya fi ƙara yakan zama kamar ya fi daɗi. In ba a daidaita ƙarar muryoyin biyu ba, ɗalibai ƙara za su zaɓa, suna zaton launi suka zaɓa.

Matakin da ya fi koyarwa shi ne na tsakiya, inda ampuli yake bakin iyaka. A nan in makaɗi ya taɓa a hankali sauti garau ne, in ya buga da ƙarfi sai gurnani ya fito, ba tare da an taɓa wani maɓalli ba. Haka kuma in ya rage maɓallin ƙarar da ke jikin gitar kanta, gurnanin ya janye. Ɗalibi ya gane daga nan cewa launin sauti yana hannun makaɗi, kamar yadda mai kalangu ke matse igiya da hammata. Bayan haka a buga tsirkiya biyu masu jituwa, a buga marasa jituwa, a ji lissafin da aka yi a sama. In akwai kwamfuta, manhajar Praat ta Paul Boersma da David Weenink, wadda masu nazarin furuci suka riga suka sani, ko Audacity, za ta nuna kan igiyar da aka yanke da jerin ƴaƴan sauti. Kada a kunna ampuli mai fitilu ba tare da lasifika a haɗe ba, yana iya ƙonewa.

6. Ɗauka a fili

A Madarunfa ɗaukar za ta kasance ne a ƙofar gida ko zaure ko filin buki, wani lokaci a bakin tafki, ba a ɗakin da aka gina don sauti ba. Matsala ta farko wuta ce. Inda layin NIGELEC ya kai, ƙarfin wutar yakan sauka ƙasa da volt 220 da maraice, inda bai kai ba kuwa sai gurup ko batir. Wannan ya shafi batunmu kai tsaye, domin iyakar ampuli daga wutar da ke ciyar da shi take. In wuta ta yi rauni iyakar ta sauko, ampulin da yake garau da hantsi ya fara gurnani da dare alhali ba wanda ya taɓa shi. Ƙaramin ampuli mai pil haka yake yi idan pil ya fara ƙarewa. Dole mai bincike ya rubuta daga ina wutar ta fito, in da hali ya auna ta da ƙaramin ma'auni. Haka nan wutar gari tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, kunnen gita yana jawo wannan gunaguni, Gain kuma yana girmama shi tare da kiɗan. A nisantar da gurup gwargwadon tsawon waya, a sa makaɗi ya ɗan juya jikinsa har a samu fuskar da gunagunin ya ragu.

Akwai haɗarin da bai kamata a wuce shi ba. Tsirkiyoyin gita a haɗe suke da ƙarfen jikin ampuli. A gidajen da ba a ja wayar ƙasa ba, in akwai lahani cikin ampulin, wanda ya riƙe tsirkiya ya kai baki ga makirufo, ko yake tsaye ba takalmi a ƙasa mai damshi, wuta tana iya kama shi. Da damina a shimfiɗa katako ko tabarmar roba busasshiya, a kuma gwada kayan kafin a miƙa wa mutum.

Game da makirufo, irin wanda ake kira dynamique ya fi dacewa da bakin lasifika, don yana jure ƙara da ƙura. Shure SM57, wanda ake ƙerawa tun 1965, shi aka fi amfani da shi, amma duk mai kama da shi ya yi. A sa shi kamar yatsu uku daga ragar ampuli. In ya fuskanci tsakiyar lasifika sautin yana da kaifi, in an matsar da shi zuwa gefe yana da taushi, matsin santimita biyu ko uku ma yana sauya abin da za a ji. Ga sauti garau kusa da tsakiya ya yi kyau, ga gurnani gefe ya fi. Sai dai idan ana son kwatanta muryoyin biyu, a zaɓi wuri ɗaya tsakanin tsakiya da gefe, kada a motsa makirufon har a gama, a auna tazarar a rubuta. Lokacin hunturu a rufe shi da soso saboda iska.

Makirufo na kusa yana jin ampuli ne kawai. Jama'a kuwa suna jin ampulin haɗe da kalangu da guɗa da amon da katanga ke maidowa, wannan kuma shi ne bukin. Don haka ana bukatar makirufo na biyu a inda masu sauraro suke, mita uku ko huɗu. A ajiye kowane a layinsa. In an gauraya su tun a fili ba za a iya raba su ba, kuma da yake sauti yana cin wajen santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wanda ya isa makirufo na nesa a makare yake, gaurayawar tana iya kashe wasu sautuka ta bar murya kamar daga cikin tulu. Inda na'urar ke da layi na uku, a raba wayar gita da ƙaramin akwatin rabawa (boîte de direct) a ɗauki abin da ya fito daga kunnen gita kafin ya shiga ampuli. Wannan layi ba shi da daɗin ji, amma shi ne shaidar abin da yatsu suka yi, ana kuma iya sake zuba shi cikin ampuli a aji a kowane matakin Gain.

Yanzu sai batun tsagewa. Na'urar ɗauka ita ma tana da matakin ɗagawa, tana da iyakarta. Kaset na da, in an cika masa, yakan danne sautin a hankali, har wasu na son haka. Na'urar zamani ba ta da wannan sassauci: alamar sifili ita ce bango, duk abin da ya wuce ta an datse shi, kuma ba a iya maido shi yadda yake. Wahalar ita ce, in abin da ake ɗauka mai gurnani ne, kunne ba ya saurin gane cewa wani kaushi na biyu ya hau kan na farko. Saboda haka a nan ido ya fi kunne, a dubi ma'aunin na'ura. A sa makaɗi ya yi bugunsa mafi ƙarfi, a daidaita yadda ƙololuwa za ta tsaya wajen desibel 12 ƙasa da sifili. A lura, sauti garau ne ya fi saurin tsaga na'ura, ko da yake kunne na jin gurnani ya fi ƙara, domin farkon bugu a garau yana yin tsalle mai tsawo wanda ampuli mai gurnani ya riga ya danne. Don haka da garau ake daidaita ma'auni. A kashe maɓallin da ke daidaita ƙara da kansa, a ɗauka a tsarin WAV, 48 kHz da bit 24, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ƙungiyar ma'adanan sauti ta duniya, IASA, ta ba da shawara.

Wayar hannu ita ce ke aljihun kowane ɗalibi, ba kuwa abin raini ba ce, tun da faifan Music from Saharan Cellphones na 2011 daga katunan waya aka tattaro shi. Amma ɗan makirufonta don magana aka yi shi, a gaban ampuli yakan tsage tun sautin bai shiga ciki ba, rage ƙara a manhaja kuma ba ya magani. In ita kaɗai ke akwai, a ja da baya, don a fili duk ninkin tazara yana rage wajen desibel 6. Kada kuma a aiko da ɗaukar a matsayin saƙon murya na WhatsApp, yana matse ta ya zubar da wani ɓangare. A kwafo ainihin fayil ɗin.

Ga masu nazarin dangantakar karin sautin Hausa da karin waƙa, aikin da Paul Richards ya yi wa ƙididdiga tun 1972, akwai tarko na musamman. Idan muryar mawaƙi da kayan kiɗa sun bi ta ampuli ɗaya mai gurnani, cuɗanyar da aka bayyana a sashe na 3 tana haifar da sautukan da ba wanda ya rera, Praat kuma yana iya bin su ya ba da tsayin da ya kai rabin na gaskiya. Baƙaƙe masu shashshaka irin su s da sh da ts su ma suna nutsewa cikin kaushin. Wanda kalmomi da karinsu ne bukatarsa ya nemi mawaƙin washegari ya maimaita waƙar a zaure ba ampuli, ya ajiye wannan kusa da ta wurin buki, kowace da alamarta.

A farkon kowace ɗauka mai bincike ya faɗi da bakinsa rana da wuri da irin taron, sa'annan a takardar rakiya ya rubuta sunan ampulin da ƙarfinsa, ko mai fitilu ne ko taransisto, halin da lasifika take ciki, tushen wuta, da tazarar kowane makirufo. Hoton fuskar ampulin da waya ya fi dogon bayani game da inda maɓallai suka tsaya. A rubuta kuma wanda ya murɗa su, makaɗin ne ko yaron mai sono, da kalmar da makaɗin ya yi amfani da ita lokacin da ya ji sautin ya yi masa daidai. In an tara irin waɗannan kalmomi daga Madarunfa da Gabi da Safo da Ɗan Isa, za a san ko garau da gurnani da muka kawo a sashe na 2 suna da abokan takara a bakin masu sana'ar. A nemi izinin makaɗi kafin a kunna na'ura, a kuma bar masa kwafi a katin wayarsa kafin a tashi.